Motar Maccido, Sunan Sahabi

Ka san takarda nawa babbar mota ke buƙata kafin ta ɗauki albasa a tashar Illela ta kama hanya? Kada ka yi saurin cewa uku ko huɗu. A jakar ledar Maccido goma sha ɗaya ce. Akwai ta mallaka, akwai lasin mota, inshora biyu, ɗaya ta gida ɗaya ta ƙetare, takardar lafiyar mota, izinin ɗaukar kaya, takardar fito ta ranar da motar ta shigo ƙasa, ta ƙaramar hukuma, ta ƙungiyar direbobi, da wadda ake nunawa a bakin iyaka in za a tsallaka Konni. Goma ke nan. Ta goma sha ɗaya lasin tuƙi ce, kuma ita kaɗai ke ɗauke da sunan Maccido. Sauran goman duk sunan wansa ne, Sahabi.

Maccido mutumin Kalmalo ne, dogo, mai ɗan doro irin na wanda ya daɗe a bayan sitiyari. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan motocin mutane, daga Illela zuwa Legas, daga Konni zuwa Anacha, ba a taɓa tsayar da shi saboda takarda ta mutu ba. Abin da yake alfahari da shi ke nan, ba gudu ba. A shekarar 2009, yana da arba'in da huɗu, shi da Sahabi suka haɗa kai suka sayi mota mai taya goma, tsohuwa amma injinta lafiya lau. Sahabi ya kawo rabi daga shagonsa na hatsi. Maccido ya sayar da gonarsa ta fadama a bakin tafkin Kalmalo ya kawo ɗaya rabin. Rabi da rabi, babu wanda ya fi wani ko da kuɗin taya ɗaya.

Ranar da suka je ofishin lasin a Sakkwato, ma'aikacin ya ɗaga biro ya ce, "Sunan wa za a sa?"

"Na Yaya," in ji Maccido, tun Sahabi bai buɗe baki ba.

"A sa mu duka biyu mana," in ji Sahabi.

Ma'aikacin ya ce layi ɗaya ne a fom ɗin. In suna son suna biyu, sai su yi rajistar kamfani, aikin mako biyu ko uku.

Maccido ya yi dariya har da buga cinya. "Kamfani? Mu da muka tashi kwano guda? Malam, rubuta Sahabi. Ina ni ina jera sunana da na Yaya."

Haka aka rubuta. A gidansu ƙane ba ya zama a tabarma ɗaya da wansa in akwai baƙi, balle ya jera suna da shi a takardar hukuma. Da mai fenti ya zo, shi ma Sahabi Kalmalo ya rubuta a ƙofar motar da jan fenti. Mutum uku ne kawai suka san maganar rabi da rabi: mahaifiyarsu, da dattijon da ya sayi gonar, da Hindatu matar Sahabi, wadda ita ta auna musu furar da suka sha ranar cinikin. Mahaifiyar ta rasu bayan shekara uku. Dattijon ya bi ta daga baya.

Shekara shida motar ta yi tana ci da gida biyu, baki goma sha huɗu. Sai a 2015 Sahabi ya kwanta, kwana tara, ya cika. Ya bar Hindatu da 'ya'ya uku: Abdulmalik mai shekara goma sha shida, da ƙannensa mata biyu. Malam Zakari, limamin unguwa wanda ke raba musu gado, ya raba gida da shago, sannan ya ce, "Motar fa?"

Nan ne wurin faɗa. Mutum takwas ne a zauren, duk masu hankali, biro na hannun malam. Amma gawar Yaya ba ta yi kwana arba'in a ƙasa ba, marayunsa na zaune suna kallon bakinsa. Maccido ya ji in ya ce rabi nawa ne, kamar ya sa hannu ne a akushin marayu a gaban jama'a. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A bar ta tana ci da yara. In sun girma a yi magana."

Malam Zakari ya rubuta da ajami: mota ɗaya ta marigayi, an bar ta amana a hannun ƙanensa. Ya karanta a fili. Maccido ya ji kalmar, ya sa hannu.

Daga nan ya ci gaba da sabunta takardu da sunan mamaci. Ba wuya ba ce a lokacin. Akwai Bashar, wani mai bin takardun motoci da ke zama a benci ƙarƙashin dogon yaro kusa da ofishin lasin; ka ba shi tsofaffin takardu da safe, ka karɓi sababbi bayan la'asar. Har wayar Sahabi Maccido bai bari ta mutu ba. Tsohuwar waya ce mai madanni, ya ajiye ta a aljihun mota, yana caja ta, yana sa mata kati, don lambarta ce a jikin takardu kuma ita 'yan albasa suka sani. In ta yi ƙara ya ɗauka ya ce, "Motar Alhaji Sahabi." Duk ƙarshen wata ya kai wa Hindatu rabin abin da motar ta samo, ba ya tsallake wata ko ɗaya.

"Baba Maccido," in ji Bashar wata shekara yana miƙa masa takardu, "wanga Yaya naka ya fi rayayyu biyan haraji. Ya kamata gwamnati ta ba shi lambar yabo."

"Allah ya shirye ka."

"Amin. Amma da gaske nikai. Ku yi kamfani. Sunanka, sunan ɗiyan marigayi, lambar haraji, shi ke nan. Manyan 'yan kasuwa yanzu rasit na kamfani su ka so."

"In cire sunan Yaya daga mota? Mi yay yi man?"

"Ya rasu, Baba."

"To sai mi?"

Sau uku Bashar ya yi masa wannan maganar a shekaru daban daban, sau uku amsar ba ta canza ba.

Shekarun kuwa ba su zo da sauƙi ba. A 2019 aka rufe iyaka, wata goma sha shida motar ba ta leƙa Konni ba. A cikin wannan rufewar aka hana sauke mai a gidajen man da ke cikin kilomita ashirin daga iyaka, Illela kuwa a bakin iyakar take. Tankin motar lita ɗari uku yake ci, sai Maccido ya gangara wajen Gwadabawa babu kaya ya sha gas ya dawo, ya ƙone na zuwa ya ƙone na dawowa kafin ya ɗora buhu ɗaya. Daga baya gas ɗin ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, ana cewa har da haraji a kan kowace lita. Kamfanoni masu rajista suna saye da tanka guda su zuba a rumbunsu, su riƙe rasit. Maccido yana saye lita lita. Aka sake rufe iyaka a 2023, wata bakwai. Duk ya jure. Ya sayar da awaki biyar ya canza tayoyi huɗu. Takarda kuwa ko ɗaya bai bari ta kwana a mace ba.

A watan Fabrairun 2024 wayar Sahabi ta daina ƙara. Maccido ya ɗauka batir ne. Ya kai ta shagon masu layi a kasuwa, aka duba aka ce an rufe layin, don ba a haɗa shi da lambar katin ɗan ƙasa ba. Sahabi ya rasu bai taɓa yin wannan katin ba. Maccido ya mayar da wayar aljihun mota, ya ce ai 'yan albasa sun san tashar.

Bayan mako biyar takardu huɗu suka ƙare a mako ɗaya, daidai lokacin da albasa ke fitowa daga fadama. Ya kai wa Bashar kamar kullum. Wannan karon Bashar bai ce ya dawo bayan la'asar ba. Ya matsa masa a benci.

"Zamna, Baba. Wanga karo ba ni da dabara. An canza tsari, na'ura ta ka tambaya, ba mutum ba. Lamba shidda za ta turo ga wayar mai mota, sai an sa su ta buɗe."

"Wayar tana hannuna."

"Layin fa?"

Maccido ya ce, "Sun ruhe shi."

"To a canza lamba. Amma mai mota zai zo da kai nai, da kati, a ɗauki hoto nai." Bashar ya fara murmushi, wata tsokana ta zo masa har baki, ya dubi fuskar dattijon ya haɗiye ta. "Hanya guda ta rage. A canza sunan mai mota. Shi kuwa sai da takardar gado daga kotu, magada duka su sa hannu."

"Su sa hannu a mi?"

"A kan ko motar ta wa ce, Baba."

Maccido ya koma Illela, kilomita tamanin da 'yan kai. Washegari wani ɗan kasuwa da suka yi shekara goma sha ɗaya tare ya zo da albasa buhu ɗari biyu da sittin. Maccido ya gaya masa gaskiya. Mutumin ya yi jaje, ya juya ya kira wata mota, aka yi lodi a gaban idonsa. Wasu direbobi suka ce ya fita haka mana, shinge nawa ne, kowa ya san yadda ake yi. Ya ce shekara talatin da bakwai bai taɓa miƙa matacciyar takarda ba, ba kuma da sunan Yaya zai fara ba.

Kwana ashirin da uku ya yi yana wucewa ta ƙofar gidan Hindatu bai shiga ba. A na ashirin da huɗu ya yi sallama. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa.

"A'a, direba! Yau mota ta sake ka? Ko ka zo ka ga ko na tsufa?"

Tsohon wasansu ne na matar wa da ƙanen miji. Yau bai rama ba. Ya zauna a bakin tabarma ya faɗa mata komai, daga layi har kotu. Ta ajiye faifan.

"Baban Mas'uda," ta kira shi da sunan 'yarsa, "Abdulmalik ya san rabi naka na?"

"Ban taɓa hwaɗa mai ba."

"Ni ma ban hwaɗa ba. Na ɗauka kai za ka yi, kai ne namiji."

"Ni kuwa na ɗauka ke."

Suka dubi juna. Shekara tara kowa na jiran ɗaya.

Abdulmalik yanzu shekararsa ashirin da biyar, yana da shagon kayan waya a kasuwa, ana maganar aurensa. Ba mugun yaro ba ne, kada ka ɗauka haka. In ya ga Maccido tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Amma tun da ya buɗe ido sunan ubansa yake gani a ƙofar motar, yana ji ana amsa waya da motar Alhaji Sahabi, kuma abin da ya sani shi ne Baffa direban babansa ne mai amana, wanda ke ɗaukar rabi ladan tuƙi. Mazajen ƙannensa biyu su ma haka suka sani, kuma sun daɗe suna cewa rabi ya yi yawa ga direba.

Aka zauna a zauren Malam Zakari ranar wata Laraba bayan azahar. Malam ya tsufa, sai da tabarau. Hindatu tana daga bayan ƙofa, 'yan matan biyu sun wakilta mazajensu. Maccido ya yi bayani a tsaye cikin minti biyu: gonar fadama, ofishin lasin, layi ɗaya a fom.

Abdulmalik ya ɗago kai, idonsa ya yi ja.

"Baffa, in haka na, don mi ba ka hwaɗi ba ranar da anka raba gado? Ina zamne, ina kallon ka."

"Don kana zamne kana kallona."

Ɗaya daga cikin surukan ya yi tsaki a hankali. Malam Zakari ya jawo wata tsohuwar jaka, ya lalubo takardar 2015, ya karanta: mota ɗaya ta marigayi, amana a hannun ƙanensa. Ya nuna sa hannun da yatsa.

"Naka na, Maccido?"

"Nawa na, Malam."

"Wallahi rabi nashi na!" Hindatu ta ɗaga murya daga bayan ƙofa. "Gona tai yas sayar, ina gidan!"

"Inna," in ji Abdulmalik a hankali, "ke kullum tausayin Baffa kikai. Na sani ya yi muna wahala. Ba za mu bar shi haka nan ba, za mu ba shi wani abu."

Wannan wani abun ya fi tsakin surukin zafi. Maccido ya ji shi har tafin ƙafa.

Malam Zakari ya cire tabarau. Ya ce maganar Hajiya Hindatu ta hau kan rabonta ita, ɗaya cikin takwas, amma ba ta isa ta hau kan rabon 'ya'ya ba sai sun yarda da kansu. Ya tambayi Maccido ko yana da wasu shaidu. Maccido ya ambaci mutum biyu, malam ya ce Allah ya jiƙansu. Ya ce to saura kotu, a can kuwa in mai da'awa bai da shaidu, za a sa wanda ake ƙara ya rantse.

"Ni zan iya rantsewa ban sani ba, Baffa," in ji Abdulmalik, hawaye na zubo masa. "Don wallahi ban sani ba."

Maccido ya dube shi. Goshin Sahabi ne, har yadda yake murza babban yatsa in ransa ya ɓaci. Kuma yaron gaskiya ya faɗa, rantsuwarsa ba za ta ci shi ba. Wanda ya ɓoye masa maganar shi ne wanda ke tsaye yana nema yanzu ya kai shi gaban alƙali.

"Ba za ka dafa Alƙur'ani saboda ni ba," in ji shi. "Malam, rubuta yadda takarda tac ce."

Ya sa hannu karo na biyu, a zaure ɗaya, a gaban malami ɗaya.

Ya so a ce bayan an canza suna zuwa na Abdulmalik a bar shi yana ja. Surukan suka ce matansu na son rabonsu a hannu, mota kuwa ba ta rabuwa sai an sayar. Takardar kotu ta ɗauki mako bakwai. Gaba ɗaya motar ta yi kwana tasa'in da shida a tsaye a gefen tasha. Albasa ta fito ta ƙare. Batir biyu suka mutu, taya uku suka tsattsage saboda rana, awaki suka mayar da ƙarƙashinta wurin hutu. Kullum da safe Maccido zai zo da tsumma ya goge gilashi, ya zagaya ta sau ɗaya, ya koma benci.

Wani kamfanin sufuri daga Sakkwato mai motoci goma sha huɗu ya saye ta. Suna da ma'aikaci wanda ba shi da aiki sai bin takardu, kwana huɗu ya gama canza komai. Mai fentinsu ya shafe Sahabi Kalmalo cikin minti ashirin. Maccido ya tambayi manajan ko suna neman direban da ya san halin motar, wanda ya san giya ta uku sai an lallaɓa ta. Manajan ya yi masa magana da ladabi, ya ce ba sa ɗaukar wanda ya wuce hamsin da biyar. Maccido hamsin da tara gare shi.

Abdulmalik ya aiko da wani abun da ya yi alkawari, Maccido ya mayar. Hindatu ta raba nata rabon biyu ta aiko masa da rabi, ta ce wannan ba kyauta ba ce, haƙƙinsa ne gwargwadon abin da bakinta ya isa. Ɗaya cikin goma sha shida ke nan, a madadin takwas cikin goma sha shida. Ya mayar sau biyu. A na uku gero ya ƙare a gidansa, ya karɓa.

Yanzu in ka je tashar Illela ranar Lahadi za ka same shi a benci na biyu daga bakin ƙofa, yana kamasho, yana haɗa masu kaya da masu mota. Direbobi matasa kan kawo masa takardunsu ya duba musu ranar ƙarewa, don idonsa bai taɓa kuskure a nan ba. Da Abdulmalik ya yi aure shi ya karɓa masa auren, don shi ne uba. Yaron har yau yana durƙusawa ya gaishe shi, shi kuma yana amsawa da kyau. Ba su sake tada maganar ba. Gidan Hindatu ne dai ya rage zuwa, daga sau huɗu a wata ya koma Sallah da Sallah.

In kana da abin da kuka haɗa da ɗan'uwanka, mota ce, injin niƙa ne, ko rumfa a kasuwa, ga abin da ake buƙata: falle ɗaya na takarda, shaidu maza biyu da ba su kai ku shekaru ba, layi huɗu na rubutu, da kwata ɗin awa. Mai wuyar ita ce kalma uku ta farko, don harshe zai yi maka nauyi, kunya za ta ce bari sai bayan Sallah. Kada ka saurare ta. Cikin makon nan ka same shi bayan ya ci abinci, ka zauna ƙasa da shi yadda ka saba, ka ce, "Yaya, mu rubuta." Ka gwada.